Kantasink ɗina yana tsalle a kan ƙarfe, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ba sana'ata ba ce, ranar Asabar kawai nake ɗan taɓa aikin ƙarfe a garejin gidana a Hotoro. Ƙaramin tebur nake haɗawa da falan ƙarfe mai kaurin milimita 3 da na sayo a Ƙofar Ruwa, ina so kan sukuru M6 (mai kaurin milimita 6) ya nutse ya yi daidai da samansa. Da na ɗora kantasink, wato bakin da ake sa wa injin huda don faɗaɗa bakin rami kan sukuru ya zauna, sai injin ya kama rawa da ƙara, gurbin ya fito da gargada kamar ɓera ya gwaigwaya. Kan sukurun kuma har yanzu yana leƙowa. Ina na kuskure?

Wani mai walda: Wa alaikumus salam. Malam, gudu ne ya yi yawa. Kantasink ba ya son gudun da ake huda rami da shi, ka sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Ka matse ƙarfen a benci kada ya motsa, ka ɗiga mai, ka danna sosai. Kantasink mai baki ɗaya ya fi mai baki da yawa zama lafiya.

Wani dattijo mai aikin juya ƙarfe a Sharaɗa: Yaro, ko rawar ta tsaya ba ka tsira ba. Kan M6 faɗinsa wajen milimita 12 ne, tsayinsa ya ɗan haura 3. A ƙarfe mai kaurin 3 ina zai shige? Sai ka cinye kaurin duka, bakin ramin ya koma kamar reza, sukurun ya rasa abin kamawa. Ka koma M4, ko ka nemi mai kaurin 5. Mu ma mun ɓata ƙarfe da yawa kafin mu gane haka.

Wani kuma: Ka duba lambar da ke jikin kantasink ɗin. Sukurun milimita kusurwar digiri 90 yake so, na inci irin na Amurka kuma 82. A kayan gwanjo ana cakuɗa su.

Mai tambaya: Kai! Yanzu na duba, 82 aka rubuta. Baba, na gode, M4 zan nema. Sai dai injin hannu kaɗai gare ni, zai yi?

Dattijon: Zai yi in kana iya rage masa gudu. Ka fara gwadawa a guntun da ka riga ka ɓata.