Muhawara: sihirin ne yake riƙe masu karanta labaran yara masu tsafi, ko kuwa wani abu ne daban?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum. A makon jiya Malama ta ce masu karanta jerin littattafan da ke ba da labarin yara masu koyon sihiri, irin Harry Potter na J.K. Rowling, ba sihirin ne yake riƙe su ba. Alhaji bai yarda ba, lokaci kuma ya ƙure mana. Malama, bismillah.

Malamar sakandare: Wa'alaikumus salam. Ina nan a kan maganata. Littafin farko ya fito a Ingila a shekarar 1997, na bakwai kuma a 2007, jarumin yana ɗan shekara 11 a farko, yana ɗan 17 a ƙarshe, wato yaran da suka fara karatun tun farko sun girma tare da shi. Na farkon shafi 223 ne a bugun Birtaniya, na biyar kuwa ya kai shafi 766. Babu yaron da zai jure wa shafi ɗari bakwai don kawai ya ga an kaɗa sanda wuta ta fito, domin abin mamaki idan ya maimaitu sau uku ya daina ba da mamaki. Na koyar shekaru a makarantar kwana ta 'yan mata, na kuma taɓa kama wata yarinya bayan an kashe fitila tana karanta littafi na biyar da tocila a cikin bargo, bangonsa ya yage an liƙe da salatif saboda yawan hannun da ya bi. Da na tambaye ta abin da ya hana ta barci, ba ta ambaci tsafi ko sau ɗaya ba. Cewa ta yi tana so ta ga ƙarshen muguwar malamar nan da hukuma ta turo makarantar, wadda take azabtar da ɗalibai tana murmushi. Abin da ta sani ne ta gani a ciki: gidajen ɗalibai masu gasa da juna, malamin da ya tsane ka ba gaira ba dalili, tsoron jarrabawa, da ƙawar da za ta rufa maka asiri.

Mahaifin yara huɗu: Malama, ina girmama iliminki, amma labaran makarantar kwana sun daɗe a Ingila kafin wannan, kuma babu wanda aka sayar da kwafi sama da miliyan 500 nasa, aka fassara shi zuwa harsuna fiye da 80. Me ya bambanta wannan da su in ba sihirin ba? Yaro mai rauni ne, kullum ana ba shi umarni, sai aka nuna masa yaro kamarsa da yake furta kalma ɗaya ƙofa ta buɗe. Wannan shi ne zumar da ke ciki, kuma ita ce take damuna. A wurinmu sihiri ba abin wasa ba ne. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi magana a kan masu koyonsa, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa. Ba mu kaɗai muka damu ba. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta sanya jerin a matsayi na ɗaya cikin littattafan da aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, yawancin masu ƙorafin kuma iyaye ne Kiristoci.

Mai sayar da littattafai: Alhaji, ka yi mini izini in shigo. Mu da muka tashi da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, mun karanta yadda aljanu suka taimaki jarumin har ya kai ga ruwan, malamanmu ne kuma suka ba mu shi a aji. Tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana cike take da dodanni da ƙwarya mai magana. Babu wanda ya fita neman aljani bayan ya rufe littafin, domin tun daga "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san inda aka shiga da shi, ya kuma san akwai "ƙurunƙus".

Mahaifin yara huɗu: Akwai bambanci, Malam. A labaranmu abin al'ajabi yana samun jarumi ne a kan hanya, boka kuwa ba shi ne abin koyi ba. A nan an gina wa sihiri makaranta, da malamai, da littattafan karatu, da takardar shaida, an kuma mai da masu yin sa su ne mutanen kirkin labarin. Wannan ɗaukakawar ce nake tsoro, ba ambaton ba.

Malamar sakandare: Wannan magana ce mai nauyi, Alhaji, ba zan kuma kauce mata ba. Na yarda cewa sihirin shi ne ƙofar da yaro yake shiga ta cikinta. Amma ka duba abin da marubuciyar ta yi da shi. Ba samun buƙata ba ne cikin sauƙi kamar yadda ka kwatanta: ɗalibai suna faɗuwa jarrabawa, wadda ta fi kowa iyawa ita ce wadda ta fi kowa zama a ɗakin karatu, iyalin babban abokin jarumin matalauta ne masu sa tsofaffin kaya duk da sandunansu. Mafi muhimmanci, sihirin ba ya dawo da matacce. Mugun da ke cikin labarin mutum ne da ya ƙi yarda da mutuwa, har ya riƙa kashe rayuka don ya tsere mata, kuma wannan ƙin yardar ne ya halaka shi. Kalmomin da suke furtawa yawancinsu an ƙera su ne daga Latin, ba su da wata alaƙa da surkullen da bokaye suke yi a zahiri.

Ɗalibar jami'a: Baba, ka yi haƙuri in faɗi nawa, domin ni ina cikin waɗanda ake magana a kansu. Ina 'yar shekara 13 mahaifina ya rasu, aka kai ni riƙo gidan wata 'yar uwarmu. A nan na sami littafin farko. Jarumin maraya ne, yayar mahaifiyarsa da mijinta suke riƙonsa, suna kwantar da shi a wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene, ɗansu kuwa yana da ɗaki biyu. Akwai wurin da ya tarar da wani madubi mai nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi so, sai ya ga iyayensa a tsaye a bayansa. Ya riƙa komawa dare bayan dare, har shugaban makarantar ya same shi a wurin ya nuna masa cewa zama gaban madubin ba zai dawo da su ba, illa ya hana shi rayuwa. Ina zaune a bayan ɗakin girki, kwanukan da aka sa ni wankewa suna gabana cikin ruwa, na karanta shafin nan sau uku ina kuka. Wallahi ban yi sha'awar sanda ba, ban yi sha'awar hawa tsintsiya ba. Abin da na ji shi ne akwai wanda ya san yadda rashin uba yake. Sallata ba ta ragu ba, kuma ban taɓa ɗaukar abin da ke ciki a matsayin gaskiya ba.

Mahaifin yara huɗu: Allah Ya jiƙan mahaifinki, 'yata, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban musanta abin da kika ji ba. Sai dai ke kin karanta da hankalin wadda aka riga aka kafa wa tarbiyya, ba kowane yaro ne haka ba. Ƙaramin ɗana shekararsa 9, fina-finan ya fara gani, kuma abin da yake kwaikwayo a tsakar gida shi ne ɗaga kara yana furta kalmomin nan, ba maraicin jarumin ba.

Malamar sakandare: To, a nan ina ganin mun rabu a kan abu biyu da muka haɗa su wuri ɗaya. Fim yana nuna walƙiya da tartsatsi domin su ido yake kamawa, littafi kuwa yana shigar da kai cikin zuciyar yaron. Haka nan ɗan shekara 9 da 'yar shekara 13 ba abu ɗaya suke ɗauka ba, littattafan kuma daga na huɗu suna ƙara duhu, ana kashe ɗalibi a gaban jarumin. Ni kaina ba zan ba ɗan shekara 9 na huɗun ba. Maganata a kan masu karatu ce, waɗanda suka bi jerin har ƙarshe.

Mahaifin yara huɗu: Idan haka ne, kin rage faɗin maganarki, ni ma zan rage tawa: ban ce sihirin kaɗai ne ba, amma ban yarda cewa ƙofa ce kawai da ake wucewa a manta ba. Malam, ka ajiye mini na farkon a shagonka, zan karɓa ranar Asabar in karanta da kaina kafin babbar 'yata ta taɓa shi.

Mai sayar da littattafai: Akwai kwafi biyu, Alhaji, ɗaya sabo ɗaya na hannu. Zan ajiye maka sabon.