Muhawarar zaure: Shin sayen Kindle ɓarnar kuɗi ne ga mai karatu a Arewa?

Malam: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga magana na kawo, ina so a tattauna ta da gaske. A ganina, ga mai karatu a nan Arewa, sayen Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, ko wata na'urar da karatu kaɗai ta iya, ɓarnar kuɗi ne. Da kuɗin nan ka sayi tabilet ta Samsung ko Lenovo, ka karanta littafi, ka saurari tafsiri, ka yi rubutu, yara ma su yi aikin makaranta da ita. Ita kuwa waccan ko WhatsApp babu a kanta.

Anti: Wa alaikumus salam Malam. Rashin WhatsApp ɗin da ka ɗauka aibi, shi ne ya sa nake riƙe da tawa. A tabilet, kafin in gama shafi biyu saƙo ya shigo, daga nan sai Facebook, sai in tsinci kaina ina kallon bidiyon girki, littafi yana can a buɗe. Tunda na koma Kindle nake kai littafi ƙarshe. Sannan ka manta da wuta. Unguwarmu sai a wuni a kwana ba a kawo ta ba.

Injiniya: Maganar wutar nan ta Anti tana da tushe, bari in faɗi dalili. Fuskar tabilet fitila ce a bayanta, muddin kana kallo tana cin batir. Fuskar Kindle da takwararta Kobo kuwa wata fasaha ce da ake kira E Ink, wadda ta samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka a 1997. Ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin ruwa. Idan ka juya shafi sai lantarki ya tura baƙaƙen sama a inda harafi zai fito, shi ke nan su tsaya a wurin. Shafin da ke tsaye ba ya buƙatar wuta don ya ci gaba da bayyana. Shi ya sa caji ɗaya yake kai makonni, ita kuwa tabilet idan ka dage da karatu kwana ɗaya ko biyu ta nemi caji. Kuma a cikin rana tsaka, ƙarƙashin bishiya, rubutun Kindle ƙara fitowa yake yi, na tabilet kuwa sai ka kare da hannu.

Malam: Injiniya, yanzu gida nawa ne babu fawa banki ko ɗan sola? Mai cajin waya kullum ba zai gagara cajin tabilet ba.

Ustaz: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ni ina bayan Malam, amma ba don wuta ba. Ku dubi irin littattafan da ɗalibin ilimi yake da su a wayarsa. Yawancinsu PDF ne na hoton shafi, an ɗauki littafin bugun Masar ko Bairut an yi masa hoto shafi-shafi. Irin wannan ba rubutu ba ne da na'ura za ta iya ƙara wa girma ta sake jera layuka, hoto ne kawai. Kindle da aka fi samu faɗin fuskarta inci 6 ne ko 7. Ka sa mata shafin fiƙihu mai matani a sama, sharhi a tsakiya, hashiya a ƙasa da ƙananan haruffa, wallahi sai ka yi ta ja kana matsarwa, ga ta da nauyin jiki wajen sauya shafi. Wasula ma ba ka bambance su. Ga kuma Maktaba Shamila, manhajar tarin littattafan addini na Larabci, wadda mai neman mas'ala ba ya rabuwa da ita, ba ta hawa Kindle. Tabilet mai inci 10 kuwa shafin yana fitowa kusan yadda yake a takarda.

Ɗaliba: Ustaz ya faɗi abin da ke raina. Ina digiri na biyu, kuma duk maƙalun da nake saukewa PDF ne masu layi biyu a shafi, da jadawali da zane masu launi. Na ari Kindle ɗin wata ƙawata na gwada, ban iya ba. A tabilet nake ja wa muhimmin wuri layi, in rubuta tsokaci a gefe, in tura wa malamina nan take.

Anti: To ƙanwata, ai wannan aiki kike yi. Ni karatun dare nake magana, bayan yara sun kwanta. Idona ba ya yaji da Kindle kamar yadda yake yi da waya.

Likita: A nan zan ɗan ja birki, don kada a wuce gona da iri. Ana yawan cewa hasken tabilet yana kashe ido, wannan ba maganar da aka tabbatar ba ce. Yajin da kike ji, Anti, galibi daga ƙarancin ƙyafta ido ne lokacin da mutum ya ƙura wa fuska mai haske ido, sai ya bushe, musamman da hunturu. Inda hujja take da ƙarfi shi ne barci. A ƙarshen 2014 masu bincike na asibitin Brigham and Women's da ke Boston sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 12. Idan sun karanta a iPad kafin kwanciya, sinadarin melatonin mai kawo barci yana raguwa, barci yana jinkirin ɗaukarsu da kusan minti 10, kuma da safe sun fi jin kasala, idan aka gwada da daren da suka karanta littafin takarda. Mutanen kaɗan ne, kuma an ƙure hasken na'urar, don haka a riƙe shi da sauƙi. Fitilar Kindle daga gefe take haska shafi, ba daga baya take harbo ido ba, kuma ana iya rage ta sosai ko a kashe.

Hajiya: Ni dai a matsayina na marubuciya, tambayata ɗaya ce: littafin Hausa nawa ne a kantin Amazon? Masu karatunmu a WhatsApp suke samun labari, ko Wattpad, ko ArewaBooks, kuma duk waɗannan a waya ko tabilet suke aiki. Matar da ke bin labari babi-babi kullum dare, me za ta yi da Kindle? Ga biyan kuɗi da dala, ga canji yadda yake.

Injiniya: Hajiya, ba dole sai daga Amazon za a sayi littafi ba. Tun 2022 ana iya tura fayil ɗin EPUB, wato tsarin littafin da rubutunsa ke daidaita da girman kowace fuska, zuwa Kindle ta hanyar Send to Kindle. Kobo kuma, na kamfanin Rakuten, kai tsaye take buɗe EPUB, ka jona ta da kwamfuta ka zuba. Akwai manhajar kyauta mai suna Calibre da ke juya rubutun Word ya koma EPUB. Matsalar a wurinmu take: marubutanmu PDF suke fitarwa, shi kuwa PDF an ɗaure shi da girman takarda, ko a waya wahalar karantawa yake yi.

Hajiya: To haruffanmu fa? Na taɓa ganin ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwati-akwati a wata na'ura.

Injiniya: Wannan daga salon haruffan da aka zaɓa ne. Wasu ba su ɗauke da masu lanƙwasa. Kindle da Kobo duk suna bari ka zuba naka, irin su Charis ko Noto, waɗanda suke da su cif.

Ustaz: Akwai abin da ya fi damuna da tsarin Amazon. Littafin da ka saya a wurinsu izinin karantawa ka saya, ba mallaka ba. A 2009 sun taɓa goge wasu littattafai daga na'urorin mutanen da suka biya kuɗinsu, sai da aka yi ta surutu suka ba da haƙuri. A Fabrairun 2025 kuma suka rufe hanyar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don ka ajiye. Ni littafin da ba zan iya bar wa 'ya'yana gado ba, hankalina bai kwanta da shi ba.

Hajiya: Wannan ba Amazon kaɗai ba, Ustaz. Da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, marubutan Hausa da yawa da masu karatunsu sun ji a jikinsu, alhali a waya ake karanta ta. Duk littafin da ke zaune a cikin manhajar wani, ranar da ya rufe shago ka shiga uku, ko wace na'ura ce a hannunka.

Mai gyara: Ranku ya daɗe, bari mu da muke kasuwa mu sa baki. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano idan gilashin tabilet ɗin Samsung ya fashe, yau za a sauya maka. Na Kindle kuwa sai an yi oda daga waje, wani lokaci kuɗinsa ya kusa na wata ta hannu. Kuma gilashinta na ciki siriri ne, a jaka ma idan aka danne ta yana tsagewa, don haka riga dole ce. Mai sayen ta hannu ya tabbata an cire asusun mai ita na farko, ya gwada yin rajista da nasa a gaban mai sayarwa, domin wadda aka kai rahoton an sace Amazon na toshe ta. Amma Malam, ka ƙara da gaya wa mutane su guji tabilet mai arha marar suna. Ita ce ta fi zuwa mana, batir ya kumbura da zafin bazara, ko babban PDF ya sa ta daskare.

Ɗaliba: Babu wadda ta haɗa biyun ne?

Injiniya: Akwai. Boox ta kamfanin Onyx na China fuskarta E Ink ce amma Android ke cikinta, tana ɗaukar manhajoji, kuma akwai mai inci 10. Kindle Scribe da ta fito a 2022 ita ma inci 10.2 ce, da alƙalami. Sai dai kuɗinsu ya fi na tabilet mai kyau, launinsu kuma, ga masu launin, a dishe yake.

Malam: To kun ga ni. Wadda za ta yi wa Ustaz da Ɗaliba aiki ta fi ƙarfin aljihun malamin makaranta, ƙaramar kuma ba ta yi musu. Ina nan a kan bakana.

Anti: A kan su biyun na yarda, Malam. Amma cewa ka yi ɓarnar kuɗi ce ga mai karatu a Arewa, ni ma a Arewa nake. Kuma ka ce yara su yi aikin makaranta da tabilet. 'Yata idan na miƙa mata Kindle na san karatu take yi, in shiga kicin hankalina kwance. Tabilet kuwa sai na zauna a kanta.

Hajiya: Injiniya, maganar EPUB ɗin nan ta tsaya min a rai. Idan har zai sa rubutu ya daidaita da kowace fuska, har waya, to masu karatuna ne za su fara amfana. Amma ina tsoron a yi ta yawo da shi kyauta.

Injiniya: PDF ɗin ma ai yawon ake yi da shi, Hajiya, wannan ba zai ƙara ba kuma ba zai rage ba. Ki turo min babi ɗaya a Word in juya miki. Anti ta buɗe a Kindle ɗinta, Malam a tabilet, Ɗaliba a waya, kowa ya ɗauko hoton shafin farko ya sa mana a nan, a duba har da masu lanƙwasa.

Hajiya: Bayan Isha'i zan turo, in sha Allahu.