Ƙanena ya faɗi sau biyu saboda tramol: gidan mari ko mu riƙe shi a fada?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin wanda abin ya taɓa shiga gidansu. Ƙanena ne, shekararsa 22, kabu-kabu yake yi. Ya fara da ƙwaya ɗaya don ya jure aikin dare, yanzu da bakinsa ya ce mini sai huɗu ko biyar, kuma ba mai miligiram 50 ta asibiti ba, mai 225 ɗin nan. Sau biyu ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, na biyun a kan babur, Allah ya sa bai ɗauko kowa ba. Baba ya rantse ranar Asabar za a tsallaka da shi gidan mari. Mu kuma a fadarmu, wato majalisar abokai da muke zaman shayi, mun yi shawarar mu karɓe makullin babur, mu riƙa kwana da shi bi da bi, mu kai shi wurin likita a rage masa sannu a hankali. Yaron ba ya sata, ba ya faɗa, shi ma ya fara cewa yana son bari. Akwai fadar da ta taɓa riƙe nata haka? Yaya aka ƙare?

Alhajin Kanti: Wa alaikumus salam. Ku yi masa aure, nauyin gida zai natsar da shi.

Na Tibiri: Ɗan ƙwaya sai mari. In ba haka ba sai ya sayar da duk abin da ke gidanku.

Ɗan Bagalam: Yayana, na faɗa a sama, bai taɓa ɗaukar ko allura ba.

Uwar Biyu: Ɗana, ka saurare ni da kyau. Ni na kai nawa, da ƙafata, da kuɗin akuyoyina. Aka ce mini wata shida zai dawo mutum. Duk wata ina aika jaka 25 da tiya biyar ta hatsi, in na je sai a ce ba a ganinsu sai sun natsu. Sai a wata na huɗu na tsaya bakin ƙofa na ce ba ni tafiya. Wallahi da suka fito da shi ban gane shi ba sai da ya ce Inna. Ƙarfen ya ci masa idon sawu har ya yi ruwa. Ya ce kwanakin farko da jikinsa ke ciwo, yana zufa yana amai, bulala suka ba shi, wai iskan ƙwayar ne ke fita. Na kawo shi gida, ko mako uku bai yi ba ya koma, kuma ya koma da yawan da ya saba sha dā, jikin kuwa ya manta. Bayan gidan wani aka tsince shi ba ya motsi. Ya rayu, amma har yau ba ya haɗa ido da ni. In na shiga ɗaki sai ya fita. Ciwon ƙafar ya warke, wannan ne bai warke ba.

Ɗan Bagalam: Innalillahi. Allah ya ba ki haƙuri, Inna.

Na Tibiri: Hajiya, an cuce ki ne. Mu jaka 10 muka biya a wata, har da abinci, kuma namu ya shiryu.

Alhajin Kanti: Jaka 10 a wace shekara? Maƙwabcina bara jaka 40 ya ajiye kafin ma a buɗe ƙofa.

Uwar Biyu: Ko kyauta ne ba ni sake kai ko ɗan maƙiyina. Kun manta 2019, da aka fasa irin gidajen nan a Kaduna da Daura aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa?

Likitan Ƙauye: Ɗan Bagalam, dabararku ta fi kusa da daidai, amma kada ku yanke masa rana ɗaya, kuma kada ku tsara ragin da kanku. Tramol dangin maganin ciwo mai ƙarfi ne, jiki na sabawa da shi. Ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su ga yawan da yake sha, in ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibiti. Kafin nan abu uku: kada ya hau babur, kada ya haɗa da diyazefam (ƙwayar sa barci) ko giya don suna danne numfashi, kuma in ya faɗi ku kwantar da shi ta gefe, ku janye abin da zai buge shi. Ban da cokali a baki, ban da ɗura ruwa. In karkarwar ta wuce minti 5, ko numfashi ya yi ƙasa, sai asibiti nan take. Abin da ya sami ɗan Hajiya sananne ne: bayan an daɗe ba a sha ba, yawan da aka saba dā yana iya kisa.

Malam Ƙarami: Ku likitoci ai ta hannunku ƙwayar ta fito. Yaro ya bar salla ne, a dawo da shi masallaci a yi masa addu'a.

Likitan Ƙauye: Malam, mai 225 ba ta farmasi ba ce, a faranti ake yawo da ita cikin tasha. Addu'a kuwa muna so, ku zo ku yi masa a gefen gado.

Na Tsira: Ku yi haƙuri, daga malam har likita ba wanda ya taɓa kwana ƙashinsa na ciwo kamar ana sara. Ni na sha shekara huɗu. Fadarmu a unguwar Zariya ita ta riƙe ni. Mu huɗu ne masu sha, manya suka ce ba a korar kowa, amma ba a jefa ƙwaya cikin butar shayi, ba mai sha shi kaɗai a ɓoye, wanda ya sha kuma ya ajiye makulli. Aka yi adashi don kuɗin magani. Mu biyu mun bari, ɗaya yana sha yana bari har yanzu, ɗaya ya tafi haƙar zinariya Jado ba mu da labarinsa. Abin da ya fi wuya dare ne, barci ba ya zuwa. Ku sami mai zama da shi har asuba.

Malam Ƙarami: Yanzu shawarar ɗan ƙwaya za a ɗauka a bar ta malamai?

Na Tsira: Tsohon ɗan ƙwaya, Malam. Kuma sahun gaba nake salla.

Mai Shayi: Ku bar mutane, har shanun huɗa ana ba su. San maƙwabcinmu ya gama gonarsa ya faɗa ta wani ya nome, har yau ana rigimar wa zai biya lada.

Uwar Biyu: Kai dai ba ka da ɗa a ciki, shi ya sa.

Ɗan Kabu-kabu: Ana ta zagin yara, ba wanda ya tambayi me ya sa suke sha. Mai babur yana jiran jaka 2 kullum, ko an samu ko ba a samu ba. Ka sayi mai, ka yi faci, ka kai cefane. In ba ka raba dare kana yawo ba ina za ka haɗa su? Ɗan Bagalam, in kun karɓe makulli wa zai biya mai babur?

Alhajin Kanti: Jaka ɗaya da rabi nake karɓa, kuma gyaran inji a kaina yake. Babura uku yara suka kashe mini, wa ya biya ni?

Ɗan Kabu-kabu: Alhaji, ranar da yaronka ya kwanta zazzaɓi ka yafe masa kuɗin ranar?

Ɗan Bagalam: Ƴan uwa, Asabar fa jibi ce. Inna, Na Tsira, ko ɗayanku zai yarda ya zo ya yi wa Baba magana? Ni in na buɗe baki cewa yake yaro ne ni.

Alhajin Kanti: Na yafe sau nawa! Ka je ka tambayi wanda ya karya mini fitila ranar kasuwa ko na cire masa ko dala.