Mijin yayata da sanin manya: in ba shi kuɗin ko in janye?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mijin yayata ne, shekara tara da aurensu, kuma shi ya kama mini rumfa a babbar kasuwa sa'ad da na dawo daga Katsina ba ko dala, har rancen farko shi ya tsaya mini. To amma ba a minti biyar da shi sai ka ji "jiya ina gidan Alhaji wane", ko "babban duwan (kwastan) na iyakar Ɗan Isa ai yarona ne". Yanzu ya ce in kawo jika ɗari huɗu, wani babba zai ba mu kwangilar wake. Na riga na ba shi wani abu. Barci ya ƙaurace mini.

Mai Goro: Wa alaikumus salam. Nawa ne "wani abu"? Ƙanena, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gwaji uku. Ka ce ya kira mutumin a gabanka, ya buɗe muryar wayar ka ji. Idan sai ya yi bayanin kansa, "ni ne wane na unguwa kaza", babu sanayya. Sannan ka duba hotunansa da manyan, in yana da su: in duk na ɗaurin aure ne ko jana'iza, yana can gefe, kowa ma zai samu. Na uku, ka nemi takardar odar: buhu nawa, farashi nawa, wa zai biya, yaushe. Kwangila ba ta zama a baki.

Hajiya ta Tibiri: Haba Malam, ya titsiye surukinsa? Yayarsa ce za ta kwana a ciki. Ɗana, ka bi ta wurin kawunku ya tambaye shi cikin hikima. Ni abin da ke ƙona mini rai, mazan yanzu kowa ya san minista, cefane kuwa sai an yi faɗa.

Mai Goro: Hajiya, kawu ba ya maido kuɗi. In dole ne, a rubuta takarda da shaidu biyu, a buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari. A raba kuɗin kashi uku, kowane kashi sai an ga buhuna a sito, kuma a tura ta kamfanin aika kuɗi don rasit ya zauna a hannu.

Ɗan Zariya: Ai ba maƙaryaci ba ne, na taɓa ganin Alhajin mai kwangilar ya miƙa masa hannu a masallacin Juma'a. Takarda kuwa da kunya, mutumin da ya kama mini rumfa.

Direban Madarunfa: A Juma'a wa ba a miƙa wa hannu? Wanda ya san manya da gaske ba ya yawan kiran sunansu, tsoron a ɗora masa buƙata yake.

Mai Goro: Har yanzu ba ka faɗi nawa ka ba shi ba.

Ɗan Zariya: Ya ce ranar Litinin za mu je gidan tare. Ku dai sa ni a addu'a.