Musayar waƙa: Kemi ta faɗa, Shettima ya mayar, saura mu

Malam na Ƙofar Ran, Bauchi:

Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar nan ta ƙi mutuwa a majalisarmu ta bayan isha'i, shi ya sa na ce bari mu yi ta a waƙe. Ga wanda bai bi ba: Kemi Badenoch, wadda ta zama shugabar jam'iyyar Conservative ta Birtaniya a Nuwamban 2024, a Landan aka haife ta a 1980 amma a Legas ta tashi har ta kai shekara 16, ta sha faɗin cewa Nijeriyar da ta sani ƙasa ce ta tsoro da cin hanci. A Disambar 2024 mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya mayar mata, ya ce in ba ta alfahari da ƙasar to ta cire Kemi daga sunanta, har ya ba da misali da Rishi Sunak, tsohon firaministan Birtaniya ɗan asalin Indiya, da bai taɓa aibata Indiya ba. Sai ta dawo ta ce ita fa Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da 'yan arewa, ta kuma ambace mu tare da Boko Haram. Sharaɗi ƙwar biyu, amsa-amo "ya", ba zagi ba ashar.

Da sunan Allah nake farawa,
Ya tsare harshena daga ƙarya.

Kemi ki saurara daga Bauchi,
Ba gaba ba ce, 'yar tambaya.

Kin ce ba ruwanki da 'yan arewa,
Kin ɗaure mu da Boko igiya ɗaya.

Wa aka kora, wa aka binne?
Je Bama ki ji daga bakin maraya.

A nan Dutsen Tanshi wutar ta fara,
Dubu biyu da tara, mun sha wuya.

Mu ne gawar, mu ne makoki,
Sannan a kira mu da sunan maƙiya.

Ɗan Kumo, Gombe:

Malam Allah ya ƙara basira, baitocin nan sun taɓa ni wallahi, mu ma a Gombe mun ɗanɗana, bam ɗin tashar Dukku na Disambar 2014 ba wanda ya manta. Amma ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, don abin da ta fara faɗa kan cin hanci da tsoro ni ban ga ƙarya a ciki ba, ni da na gama jami'a Napep nake ja kuma tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 abin da na tara da safe a gidan mai yake ƙarewa kafin la'asar, ga balas na jira.

Malam na ji kuma na girmama,
Amma bar ni in faɗi gaskiya.

Wai mu yi alfahari, to da mene?
Cikin da ba tuwo balle miya?

Digiri na kwance cikin akwati,
Napep nake ja, ita ma ta haya.

Rijiyar man Kolmani an yi taro,
Lita har yau ta fi ƙarfin mai saya.

Masu shinge su tsare ni da rana,
Ba takarda ake so ba, sai na biya.

In ta ce gidanmu ya lalace,
Kafin mu yi fushi, mu ji kunya.

'Yar Azare:

Ƙanina ba wanda ya ce maka babu yunwa, ni ma da gwangwani nake auna shinkafa yanzu. Amma ka raba abu biyu. Da gwamnati ta caccaka da na ce ta ƙara, to ba gwamnati ta ambata a karo na biyun ba, mu ta ambata, ni da kai da Malam. A Nuwamban 2014 bam ya tashi a kasuwar 'yan waya a nan Azare, yaran da ke gyaran waya da sayar da caja su aka kwasa. A layinmu akwai wata baiwar Allah daga Gwoza, ta iso da 'ya'yanta da zanin da ke jikinta kawai, mai unguwa ya ba ta ɗaki, matan layi muka haɗa mata kasko da waken suya da mai, yau awara take soyawa a bakin firamare kuma babbar 'yarta na karatun jinya. Wannan matar ce ake cewa ba a haɗa komai da ita ba.

Ɗan Kumo na ji kukan da ka yi,
Ba ƙarya ciki, ba kuma fariya.

Amma mai mulki daban da ƙasa,
Shi zai sauka, ita tana tsaye ɗaya.

Uwa ko tsumma ta ɗaura uwa ce,
Ba ka nuna ta a kasuwa don dariya.

Ka yi mata faɗa, ka yi mata kuka,
A ɗaki, kana riƙe da ita da zuciya.

'Yar Gwoza ta rasa miji da gona,
Ba ta ce ta fita daga Nijeriya.

Da asuba tana hura gawayi,
Wannan ita ce mai juriya.

Ɗan Kumo, Gombe:

Adda na yarda da ke kan matar Gwoza ɗari bisa ɗari. Baiti biyu kawai.

Adda uwar nan ba talaka ba ce,
Dukiyarta wasu suka kai ajiya.

In mun rufe ɗaki muna ta kuka,
Ɓarawon ne ke kwana lafiya.

Baba mai goro, kasuwar Wunti:

Yara ku ɗan tsaya, jikana ne ke buga min wannan. Ina ɗan firamare aka kawo gawar Abubakar Tafawa Balewa Bauchi a Janairun 1966, kabarinsa na nan cikin gari kowa ya je ya gani. Malamin makaranta ne, a Oktoban 1960 shi ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya da babbar riga ya yi magana da sunan ƙasar nan duka, ba da sunan arewa ba. Abin da ya fi damuna ba Kemi ba ne, yaranmu ne da na ji sun fara zagin Yarabawa saboda ita. Kul! Goron da nake kasawa daga Shagamu yake zuwa, Hausawa na zaune a Sabon can kaka da kakanni, kuma mai gyaran motar da ke bayan rumfata Bayarabe ne, a nan aka haifi 'ya'yansa, Hausarsu ta fi ta wasunku.

'Yata Kemi zo in gaya miki,
Tsoho ne, ba ni da hayaniya.

In kin sauka Legas daga jirgi,
Sunan Murtala ne a kan hanya.

Dandalin da ke tsakiyar birni,
Na ɗan Bauchi ne mai zaƙin murya.

Sun mutu can kudu suna kan aiki,
Jininsu ya zuba don ƙasa ɗaya.

Ku kuma samari ku ja linzami,
Laifin mutum guda ba na zuriya.

Alabi maƙwabcina ba ruwansa,
Tare muke sahu, tare muke jinya.

Malam na Ƙofar Ran, Bauchi:

Baba Allah ya ja kwana, ka rufe ƙofar da nake tsoro. Ƙarin bayani, a Agustan 2025 ta sake cewa ba ta ɗaukar kanta 'yar Nijeriya, fasfonta ma ya fi shekara 20 ba ta sabunta ba. To wannan zaɓinta ne, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ni dai har yanzu ban ji ta janye maganar arewa ba, kuma ita ce ta tsaya min a rai.

Fasfo naki ne, ki bar shi ya mutu,
Ba mai bin ki da shi Birtaniya.

Amma ki janye kalmar da kin yi,
Bashi ne wuyanki, sai kin biya.

Samarin Maiduguri da gora
Suka tari Boko, ba su juya baya.

Su ma 'yan arewa ne ki sani,
Ki ambace su in kina son gaskiya.

Ɗan Kumo, Gombe:

Baba na ji na kuma ɗauka, ba zan zagi kowa ba. Amma nawa saƙon na ƙarshe ba na Landan ba ne, na Abuja ne. Shettima ya yi gwamnan Borno daga 2011 zuwa 2019, ya san wannan wuta fiye da mu duka, shi ya sa nake ganin shi ya fi cancanta ya ji, abokaina da muka yi makaranta tare wasu sun bi ta Agadas ba don ba su son ƙasa ba sai don sun gaji da zaman jira.

Ranka ya daɗe mataimaki,
Ka kare mu, muna godiya.

Amma sunan Kemi iyaye suka sa,
Cire shi ba zai sauke farashin kaya.

Ka tsare yaran da ke bin hamada,
Suna mutuwa a hanyar Libiya.

Ka ba mu wuta, taki da aiki,
Manomi ya kwana gona lafiya.

Ni ba inda za ni, ina nan Gombe,
Katin zaɓena yana ajiya.

Dubu biyu da ashirin da bakwai,
A akwati za ni yi tawa tambaya.