Ƙarfen da ke komawa siffarsa in ya ji zafi, ya abin yake?

Mai_Wayarin:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana ku taimaka min. Na ga bidiyon wata siririyar waya da aka cukurkuɗa, ana jefa ta a ruwan zafi sai ta koma siffarta ta asali tsaf. Haɗi ne ko da gaske akwai irin ƙarfen nan? Kuma ko aikinsu ɗaya da robar nan da muke zura wa waya in mun yi joyin, mu kara mata laita ta matse?

Injiniya_ZR:
Wa alaikassalam malam, ba haɗi ba ne wallahi. Sunansa Nitinol, gamin nikel ne da titaniyom kusan rabi da rabi, William Buehler ne ya samar da shi a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka da ke Maryland a 1959. Sirrin yana wajen yadda atom ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi, ke jeruwa, jeri biyu gare su. In da sanyi yana halin da ake kira martensite, mai laushi, kana lanƙwasa shi jerin yana karkacewa ne kawai amma kowane atom na nan riƙe da maƙwabcinsa, to da ya ji zafi sai ya juya zuwa austenite wanda shi tsari ɗaya tak ya sani, dole kowa ya koma gurbinsa, shi ya sa wayar ke miƙewa har da ƙarfinta. Ƙusa kuwa in ka lanƙwasa ta atom ɗin zamewa suke su sake maƙwabta, babu hanyar dawowa. In ana so a koya masa sabuwar siffa ɗaure shi ake a gasa a wajen digiri 500.

Baban_Ilham:
Robar taku ma tana tuna siffa amma hanyarta daban. Dogayen zaruruwan cikinta an ɗaɗɗaure su da juna kamar ragar kamun kifi, a masana'anta sai a ɗumama bututun a buɗa shi ya yi faɗi, a sanyaya shi a haka ya daskare yana a miƙe. Laitarka na sassauta shi ragar ta ja kanta, yawanci zuwa rabin faɗin. Kamfanin Raychem na Amurka ne ya fara fito da shi. Ko gorar ruwa ka zuba wa tafasasshen ruwa za ka ga ta yamutse, dangin abin ne.

Ummu_Sadiq:
Ni a asibiti abin ya fi burge ni. Wayar da ake sa wa haƙora don su daidaita da yawa Nitinol ce, tana ta ja a hankali ba tsayawa. Haka ɗan bututun raga da ake buɗe toshewar jijiyar jini da shi, a matse ake zura shi, yana isa wurin ya buɗe da kansa a ɗumin jiki, ba sai an yi babbar tiyata ba.

Mai_Wayarin:
Allah ya ƙara ilimi. To Injiniya in ya huce yana komawa a cukurkuɗe ne?

Injiniya_ZR:
A'a, yana nan a miƙe sai ka sake lanƙwasa shi. Akwai wanda ake horarwa ya tuna siffa biyu, ta zafi da ta sanyi, amma bai kai na farkon ƙarfi ba. Kuma kar a ja shi ya wuce kamar kashi 8 cikin 100 na tsawonsa, in ya wuce haka ba ya dawowa daidai.