Musayar waƙa: Inna ba lafiya, mai baiti ya kawo

Autan Inna:
Salamu alaikum yan zaure, kun ji ni shiru kwana biyu, jinyar mahaifiyata nake. Kansar huhu ce, likita yace ta kai mataki na 4 har ta taɓa ƙashi, aiki ba zai yiwu ba sai dai a rage mata wahala. Barci ya ƙi zuwa shine nace bari in jefo baitoci ko na samu sauƙi, amsa-amon "ya" na ɗauko amma ban ɗaure kowa ba.

Da sunan Allah mai dare mai safiya,
Shi ne da cuta kuma Shi ne da lafiya.

Tari ya kama Inna tun cikin hunturu,
Muka ce ƙura ce, muka ba ta citta da tsamiya.

Aka ce tibi ne, wata shida tana shan magani,
Fitsari ya yi ja, tarin bai ragu ba ko ɗaya.

Sai da hoton ƙirji ya nuna ruwa ya taru,
Aka sa tiyo ana zuƙa, ni kuwa na juya baya.

Likita ya ja ni gefe ya sauke murya,
Yace kansa ce ta yi nisa, ka yi ƙarfin zuciya.

Mai zuwa dubiya sai ya raɗa min a kunne,
Wai Inna tana shan taba ne? Ku ji min tambaya.

Matar da ta ƙare ƙuruciyarta gaban murhu,
Hayaƙin itace take sha don mu ci, tana suya.

Da kuɗin ƙosan nan na yi boko har na gama,
Yau iskar da take shaƙa da kuɗi nake saya.

Har yau ba mu gaya mata sunan ciwon ba,
In faɗa ko in yi shiru? Ku gaya min gaskiya.

Gwaggon Zaure:
Innalillahi. Allah ya ba ta sauƙi auta, ya sa kaffara ne. Ni tsohuwa ce ban iya awon baiti irin naku ba amma ga nawa

Ɗana riƙe bakinka kar ka faɗa mata,
Fargaba ta fi ciwo saurin karya zuciya.

Mu da muka taso ba a kiran sunan daji,
Sai dai a ce jiki ne, Allah ya kawo lafiya.

Na yi jinyar maigidana ban taɓa gaya mai ba,
Har ya cika yana zancen gonarsa da rijiya.

Me za ta ƙaru da shi in ta ji sunan?
Bar ta ta sha kununta, ta yi hira ta yi dariya.

Nas Mai Aikin Dare:
Gwaggo ina gaisuwa, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Ƙanina auta sannu da ɗawainiya, abinda ya same ku na sha ganinsa a wajen aiki, kansar huhu da tibi a farko alamunsu na shiga juna, tari da rama da jini a majina, shi yasa ake ɓata watanni ana bin tibi, duk wanda ya yi wata biyu kan maganin tibi babu sauyi ya koma ya matsa a sake bincike kar ya ji kunyar likita. Jan fitsarin nan kuma aikin rifampicin ne, ɗaya daga magungunan tibin, ba wani sabon ciwo ba. Masu tambayar taba ka ƙyale su, eh sigari ce kan gaba wajen kawo ta amma hayaƙin itace da gawayin girki shima Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi, kuma duk duniya ba kansar da ta kai ta kisa, wajen mutum miliyan 1.8 a 2022.

Gwaggo mara lafiya na karanta fuskokinmu,
Raɗan da muke a bakin ƙofa ta ji shi tun jiya.

Ban ce ka juye mata labari gaba ɗaya ba,
Tambaye ta, Inna me kike gani game da wannan jinya?

In tace bar wa Allah, to ka tsaya nan,
In tace gaya min, kar ka rufe ta da ƙarya.

Mofin na ruwa mai kashe zafi in likita ya rubuta ka ba ta,
Duk awa huɗu, kar ka jira ciwo ya kai wuya.

Masu cewa yana kisa ba su kwana da mai nishi ba,
In an bi awon likita rahama ce, ba guba ba ko ɗaya.

Tada ta da filo, ƙaramar fanka ta bugi fuskarta,
In Nepa ta ɗauke ga mafici, kar ka nuna gajiya.

Abu ɗaya dai, mofin na ɗaure ciki sosai, ka ce su haɗa muku da maganin sakin bayan gida tun ranar farko. Kuma dan Allah silindar oksijin ba ta shiri da wuta, ba murhu ba kasko na turare ba maganin sauro na kunnawa a ɗakin.

Malam na Bakin Kasuwa:
Allah ya ba da ladan jinya ɗana. Hajiya Gwaggo niyyarki mai kyau ce amma akwai hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim, cewa bai dace Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba sai wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. To wanda aka ɓoye wa halin da yake ciki yaushe zai shirya? Na sauya amsa-amo zuwa "ta".

Auta uwarka yar kasuwa ce ka tuna,
Akwai mai binta, akwai wanda take bi, wa ya san lissafinta?

Akwai adashin da ta zuba ko ta kwasa,
In ta tafi ba ta faɗa ba wa zai sauke nauyinta?

Akwai wadda suka daɗe ba sa gaisawa,
Ƙila tana so a kira ta su yafi juna, kar ka toshe damarta.

Tsayuwa in ta gagara ta yi salla a zaune,
Zama in ya gagara a kishingiɗe, Allah ya san halinta.

Ruwa in yana tada tarin ta yi taimama,
Ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Mai Sassaƙe:
Akwai maganin daji sadidan kowane iri sati uku ya narke da yardar Allah, a tuntuɓe ni ta inbos

Nas Mai Aikin Dare:
Bawan Allah ka ji tsoron Allah, nan ba kasuwa bace. Ko baiti ɗaya ba ka kawo ba sai talla.

Autan Inna:
Na gode duka wlh na karanta har sau ba adadi. Sai ga wata sabuwa, yayanmu da ke Legas ya bugo yace a sayar da gidan a kai ta Masar, nace likita yace ko an je rage zafi ne kawai za su yi, yace ni yaro ne na cika saurin sallamawa. Ban iya mayar mai da magana ba, yaya ne.

Yaya na waya yana kuka yana faɗa,
Ni ina riƙe da kwanon tofa majinarta.

Shi yana lissafin biza da kuɗin jirgi,
Ita daga gado zuwa bayi sai mun ɗauke ta.

Ban ce ba ya sonta ba, Allah shaida,
Nisa ne ya hana shi ganin yadda wuyanta ya motsa in tana neman iskarta.

Ɗan Damagaram:
Ɗan uwa sannu. Baitinka na ƙarshe ya yi tsawo ya karya awo amma ba wanda zai ce ka gyara. Ni babana ne, direban babbar mota, shi kam ya sha sigari shekara da shekaru ba ɓoyo. Mun ɗauke shi daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900 a mota da mutum da ba ya iya kwanciya, don kar a ce ba mu yi ƙoƙari ba.

Mun sai da garke mun sai da fili,
Don kar dangi su ce mun yi kasawa.

Yana ta cewa ku mai da ni gida,
Mu muna cewa Baba sai an ga warkewa.

A ɗakin baƙi ya cika, ba maƙwabci ko ɗaya,
Abokan tashar da yake kira ba mai zuwa.

Ban hana yayanka ba, kuɗinsa ne uwarsa ce,
Amma ku tambayi mai jikin kafin a kai ga sayarwa.

Autan Inna:
To yan uwa an yi ta. Bayan isha ina shafa mata man zafi a baya nace Inna me kike gani game da ciwon nan, sai tace kai zan tambaya tunda kai kake shiga wajen likita kana fitowa da jan ido. Na faɗa mata. Ta yi shiru can sai ta hau ni da faɗa, wai mun mayar da ita yarinya, ita da ta binne miji da ya'ya biyu za a ɓoye wa mutuwa. Daga nan tace a kira Yaya a waya a sa a sifika.

Tace Masar ɗin me, ni da ban je Zariya da daɗi ba,
Gidan marayu ne, wanda ya sayar ban yafe ba.

Tace mai wake na bina kwano huɗu,
Mai man gyaɗa galan ɗaya, ban biya ba.

Adashin layinmu na kwasa saura zubi uku,
Ku cika musu, ban son a ce Inna ba ta cika ba.

Ta kwance bakin zani ta miƙo min kuɗi a naɗe,
Tace na likkafani ne, ban yarda wani ya saya min ba.

Kaskon suya ta ba wa yar maƙwabta mai taya ta,
Mu ya'yanta tace ba wanda ya iya, ba ta yi ƙarya ba.

Ta sa aka kira kishiyarta da suka rabu da gaba,
Suka rufe ƙofa, abin da suka ce ban ji ba.

Yaya dai ya yi shiru a wayar, jibi zai taso. Da safe kuma tace ƙosai take marmari, ba halin a hura wuta kusa da silinda sai a maƙwabta aka soya aka kawo da zafinsa, ta gutsuri ɗan kaɗan tace wake bai ji bugu ba, yajin kawai ta lasa.

Gwaggon Zaure:
Allah sarki baiwar Allah, jaruma ce. Amma ni dai ban sauka daga maganata ba, ba kowa ke da zuciyar Innarka ba, nawa maigidan da an gaya mai da a ranar zai daina cin abinci, na san abina.

Kowa da irin tasa zuciyar ɗana,
Taku ta ɗauka, Allah ya ƙara mata haƙuri da juriya.

Yanzu ka bar wa yayarka wanka da gyaran jiki,
Kai riƙe mata hannu da hira, uwa tana jin kunya.

Autan Inna:
Haka ake yi Gwaggo, Anti ce ke shiga da ita. Nas dan Allah ki duba min, tun shekaranjiya ta daina karɓar ko kunu, barci kawai, kuma ƙirjinta na wani ƙara in tana numfashi, ƙannen babanmu sun dage a ɗura mata fura ko a koma asibiti a sa ruwa, na rasa yadda zan yi da su.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanina ka daure, alamun kusantowar lokaci ne, sani na Allah ne. Ka kira likitanku ka gaya mai, akwai maganin da ke rage ƙarar kuma zai faɗa maka yadda za a ci gaba da mofin in haɗiya ta gagara.

Kar a ɗura mata, haɗiya ta yi rauni,
Fura na iya bin hanyar iska ta shaƙe ta.

Ba yunwa ke ɗaukarta ba, ciwon ne,
Jiƙa auduga ka riƙa shafa leɓenta.

Ƙarar nan majina ce da ta kasa tarowa,
Ku ta fi damu, juya ta kan gefenta.

Ku rage taro da koke-koke a kanta,
Ku yi magana mai daɗi, ƙila tana jin mai kiranta.

Malam na Bakin Kasuwa:
Ƙari kan na Nas, hadisi a Muslim yace a laƙƙana wa mai barin duniya La'ilaha illallahu. A hankali ake yi kusa da kunne, ba a ce mata "faɗi, faɗi" ana takura ta, in ta faɗa sau ɗaya a bar ta sai in ta yi wata magana a sake. Kuka kuma ba laifi, Annabi SAW ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kururuwa da yage tufa aka hana.

Autan Inna:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu yau kafin asuba, Yaya na riƙe da kanta Anti na gefe, ni na fita tada janareta na dawo na tarar. An yi jana'iza ƙarfe 10. Ku yafe mata ku sa ta a addu'a. Ba ni da baiti yau.

Ɗan Damagaram:
Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta,
Ya sa ciwon nan ya zame mata kankarewa.

Kar fitarka wajen janareta ta dame ka,
Hidimarta ce ta fitar da kai, ba gujewa.

Gwaggon Zaure:
Allah ya gafarta mata ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙuri. Auta a fara da mai wake da mai man gyaɗa kafin a taɓa komai na gado.

Autan Inna:
Amin na gode Gwaggo, an biya su jiya bayan sadakar uku, adashi ma Yaya ya cika. Ragowar mofin Nas tace a mayar asibiti kar a ajiye a gida, gobe zan kai. Silinda ta haya ce za su zo su ɗauka, amma keken guragu da katifar iska da ɗan abin auna oksijin na yatsa namu ne, in akwai mai jinya a zauren nan da yake buƙata ya min magana ta inbos, kyauta ne sai dai ya zo da abin ɗauka.